Yadda nake yanka pulin kuruwa a tur: aikin wata tsohuwar Mercedes a Damagaram

Cikin watan Afrilu, lokacin da ƙarfen da ya kwana waje ba ya taɓuwa da rana tsaka, wani Alhaji mai jigilar kaya tsakanin Damagaram da Agadas ya sa aka jawo wata tsohuwar Mercedes 1113, irin mai gajeren hancin nan, har ƙofar shagona. Shekara biyu ta yi kan duwatsu a garajin wani abokina makanike. Sun sauke injinta, OM352 mai silinda shida, sun sake masa fistan da zobba, ya tashi lafiya lau. Tsohuwar altanata, wato na'urar da ke cajin batir, ita ce ta ce ga garinku nan, sai suka samo wata babba daga wata mota daban. Ta zauna a mazauninta, amma pulinta, faifan da kuruwa ke juyawa, kwari (gurbin da kuruwa ke zama) ɗaya gare shi, na injin kuwa biyu, kuma bai tsaya a layi ba. An zagaye ƴan kayan gyara na gari kaf, babu. Alhaji ya ce a aika Kano. Makanike ya ce masa ko a Kano ba za a samu ba, tunda ba kamfanin da ya taɓa aurar da wannan injin da wannan altanata. Shi ne maganar ta faɗo wurina.

Zan faɗi yadda na yi shi daki-daki, da lambobin da na auna a wannan motar. Taka motar za ta ba ka nata lambobi, hanyar dai ɗaya ce.

Ranar farko ban kunna tur ba sam, wato injin da ke juya ƙarfe ana yanka shi. Yarona har ya fara share mandaran, kan tur mai haƙoran da ke riƙe ƙarfe, na ce masa ajiye, ɗauko piyakulis, ma'aunin kauri mai baki biyu, da doguwar rula da alli. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi haka ne. A nan kuwa ido ya sha cin amanata.

Abin da za ka fara sani shi ne irin kuruwar, wadda mutanen Kano ke kira fambel. Duba rubutun da ke bayanta. A manyan motocinmu yawanci AVX10 ko AVX13 za ka gani, lambar kuwa faɗin bayanta ne a milimita, kusan 10 ko kusan 13. Ta wannan motar AVX13 ce, mai haƙora a ciki, guda biyu jere. Ka sa mai mota ya sayo sabbi tun kafin ka fara, biyun iri ɗaya tsawo ɗaya. Tsohuwar kuruwa ta riga ta cinye a gefe, in ka yi awo da ita za ka yanka kwarin da ya dace da tsohuwa kawai.

Sai girman pulin, kuma nan ne ake yin lissafi. Alhaji ya yi ƙorafin cewa tun da can, in mota ta daɗe tsaye tana ƙaramin juyi a tasha ana loda kaya, batir ba ya cika. Na auna pulin bilbarke, wato karanshaf. Inda kuruwa ke aiki a cikinsa diyamet, wato faɗin da'irarsa, milimita 190 ne. Tsohon pulin altanata 95 ne, ke nan in inji ya juya sau ɗaya ita ta juya sau biyu. Inji na juyi 600 a minti yana tsaye, altanata tana 1200, abin da bai ishe ta ta ba da wutar kirki ba. Na zaɓi 76. Raba 190 da 76 ka samu biyu da rabi: a tsaye 1500, in kuma direba ya take har juyi 2800 da wannan injin ke kaiwa, altanata tana 7000, ba abin da zai dame ta. Yarona ya ce, "Maigida, to me zai hana mu yi 60, ta ƙara gudu?" Na ce masa ya lanƙwasa kuruwar a hannunsa ya gani. Puli in ya cika ƙanƙanta, kuruwa tana karyewa a kansa tana zafi, kuma ɗan wurin da take kamawa ya ragu, sai santsi. Ko 76 ɗin ma don kuruwar mai haƙora ce na yarda, marar haƙora ta wannan faɗin tana son 90 ko fiye.

A lura, 76 ɗin nan ba bakin puli ba ne. Layin da kuruwa ke jan kaya yana ƙasa da baki da milimita 2,8 a wannan irin. Don haka bakin waje zai zama 76 a ƙara 5,6, wato 81,6.

Awo na uku shi ne wanda ya fi kayar da mutane: layi. Kafa rula a fuskar pulin bilbarke ta miƙe har ta wuce gaban altanata. Daga rular zuwa tsakiyar kwarin gaba na samu 10, zuwa na baya 25. Daga rular zuwa inda puli zai jingina a jikin fankar altanata na samu 41. To ka ga hoton ya fito da kansa. Jikin puli mai kwari biyu kaurinsa 35 ne, 10 daga kowane gefe, 15 tsakanin kwari da kwari. Saura 6, shi zan bari a baya ya zama wuya. Sandar altanata kaurinta 17, kuma santsin jikinta kafin zare ya fara shi ma tsawon 17 ne. Na rubuta ramin puli ya zama tsawon 18, ya ɗara da ɗaya, don noti ya matse puli maimakon ya ƙare a ƙarshen zare ya bar shi yana wasa. Duk wannan na zana shi a bayan kwalin siminti, na manna a bango inda zan riƙa gani.

Batun ƙarfe ba zan ja shi ba. Font, wato ƙarfen zubi, yana da kyau, yana yankuwa a bushe ba mai, kuruwa ma tana son sa, sai dai samun dunƙule marar rami a ciki yana wuya. Ƙarfe mai taushi na sanda shi na fi amfani da shi. In daga ƴan gwangwan ka samo, goga masa magagari tukuna. In magagari ya zame bai ci ba, ƙarfen ya sha wuta, mayar musu da abinsu. Alminiyom kuwa ban yarda da shi ba a ƙasar nan. Ƙurar hunturu da yashin hanyar Tanut suna shiga tsakanin kuruwa da puli su zama kamar dutsen wasawa, kwarin ya buɗe kafin shekara. Wanda masu tukwane ke narkawa su zuba ya fi muni, tukunya yake yi mai kyau, amma cikinsa duk ƙananan ramuka ne. Na samu guntun sanda mai diyamet 90, na sa aka yanko mini tsawon 75.

Kafin ka danna maɓalli: cire babbar riga, naɗe hannun ƙarama, in da rawani sauke shi. Kada ka sa safar hannu. Makullin mandaran ba ya kwana a jikin mandaran ko na ƙiftawar ido. Tabarau a fuska, ɓarzar ƙarfe kuma da ƙugiya ake janye ta.

Ga dokar da maigidana ya dasa mini tun ina yaron shago, kuma ita ce rabin aikin: ramin tsakiya, da fuskar da za ta jingina, da kwaruruka, duk a kamu ɗaya ake yin su. In ka kwance ƙarfe daga mandaran ka sake ɗaurawa, ba zai koma daidai inda yake ba, komai ƙwarewarka. Puli zai fito yana rawa, rawar nan kuwa rulman altanata, wato boris ɗinta, shi ne ke biyan kuɗinta. Saboda haka na kama ƙarfen da tsawon 25 a cikin haƙora, na sa bayan puli ya fuskanci waje, gabansa yana wajen mandaran. Gaban ba shi da wani aiki sai ɗaukar noti, zai iya jira.

Gudun tur kuma lissafi gare shi mai sauƙi. Wuƙar ƙarfe ta hannu, wadda muke wasawa da kanmu, tana son kamar mita 25 a minti a kan ƙarfe mai taushi. Ninka 25 da 320, ka raba da diyamet. A kan 90 ya ba ka kusan juyi 90 a minti. Mai bakin karbur, wani ƙarfe mai tsananin tauri, tana ɗaukar ninki huɗu na haka. Na share fuska, na sauke waje zuwa 82 da mai karbur, na fitar da wuyan nan na 6, na bar ragowar sai ƙarshe.

Rami: meshi shi ne ƙarfen huda rami, fara da ɗan meshin tsakiya, sai meshi 10, sai 16. Kada ka tsaya a meshi, don meshi yana bin son ransa, ramin da ya huda ba ya zama a tsakiya sosai. Sa siririyar wuƙar ciki ta gyara shi zuwa 16,8, sannan alezuwar 17, wadda ke goge rami ya fito daidai awo, ta wuce a hankali da mai, kuma kada ka juya ta baya wajen fitarwa. Sararin da aka yarda da shi a ramin 17 bai wuce 0,018 ba, bai kai kaurin gashin kai ba. Ga kuma abin da zafinmu ke yi. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, in ya ɗara sanyinsa da digiri 40, ramin 17 yana ƙaruwa da kusan 0,008, kusan rabin sararin ke nan. Ka auna shi da zafi ka ce ya yi, gobe da safe ya ƙi shiga. Ni in na huda sai in je in yi alwala in yi salla, in sha shayi, in dawo in auna. Altanatar tana kusa da ni a kan tebur, amma gwajin da nake yi da ɗan guntun sanda ne da na gyara daidai da kaurin sandarta, don kada in kwance aikin. Ya shiga da turin babban yatsa, ba guduma, ba kuma girgiza.

Yanzu kwari, inda nake son a tsaya a saurara.

Kuruwa ba da cikinta take kama puli ba, da kumatunta take kamawa. Tana shiga kwari kamar yadda ake cusa itace a ƙotar gatari, gefe da gefe suna matse ta. Dole a bar sarari a ƙarƙashinta. Ranar da cikinta ya taɓa gindin kwari, ranar ta daina aiki, ko ka ja ta har ta kusa tsinkewa.

Na koyi wannan da kunya. Ina sabon buɗe shago, na yi wa wani direba puli, na auna kusurwar kuruwa a hannu na ga digiri 40, na yanka kwari 40, na kuma buɗe shi da yawa don kuruwa ta zauna da kyau a ganina. Ta zauna kuwa, har ƙasa. Bayan sati biyu ya dawo a motar wani, ya ajiye mini pulin a kan tebur bai ce uffan ba. Gindin kwarin yana ƙyalli kamar madubi, kumatun kuwa ko gogewa ba su yi ba. Ashe tun daga Tanut kuruwa ke kururuwa, batir ya mutu musu kafin Adarbisinat, suka kwana biyu a daji da kayan mutane. Da na kai wa maigidana pulin, ya jujjuya shi ya ce, "Kai yaro, kuruwar da ka auna a miƙe take. A kan puli a miƙe take tafiya?" In kuruwa ta lanƙwashe, bayanta yana jawuwa ya tsuke, cikinta ya kumbura, kusurwar ta ragu. Shi ya sa kwari kullum bai kai 40 ba. A irin mai faɗin 13, puli da bai wuce 118 ba digiri 34 ake yi masa, wanda ya fi haka 38. A irin mai faɗin 10 kuwa iyakar tana kan 80.

Namu 76 ne, ke nan 34, wato 17 kowane gefe. Faɗin kwari a baki 12,7, zurfi 13,8, gindinsa zai fito kusan 4,3.

Na sauke waje zuwa 81,6, na kawo puwant ta baya, tsinin da ke ɗaya ƙarshen tur, na tokare ramin don aikin ya samu mai riƙe shi. Daga fuskar wuya na auna 16 na ja layi, na auna 31 na ja wani, su ne tsakiyar kwaruruka. Da wuƙar yanka mai faɗin 3 na nutsa a kan kowane layi kai tsaye har zurfin 13,8, na ɗan faɗaɗa zuwa 4, gindin ya tsaya a diyamet 54. Wannan nutson shi ne wurin da tur ke kuka. In ka ji ya fara, rage gudu zuwa 60, duba bakin wuƙa yana daidai tsakiyar aiki, kada wuƙar ta leƙo fiye da bukata, mai kuma kada ya yanke. Wani abu da ya shafe mu nan: in wuta ta ɗauke kana cikin yanka, hannunka ya riga tunaninka janye wuƙa. Mandaran in ya tsaya da wuƙa a cikin ƙarfe, bakinta ya tafi. Kashe maɓalli kuma, kada wutar ta dawo ta tayar da tur kana leƙe.

Daga nan sai ka karkata ƙaramin shariyo, abin da ke ɗauke da wuƙa yana zamewa da ita, digiri 17. Kada ka amince da zanen digirin da ke gindinsa in tur ɗinka tsoho ne irin nawa. Ni ina da ɗan faranti da na yanka 34 tun shekaru, da shi nake gwadawa a hasken taga. Yanke kumatun dama na kwari biyun duka, da hannu kake tura shariyo a hankali, kaɗan-kaɗan, yankan ƙarshe siriri. Sannan ka juya shariyo 17 ta ɗaya gefen ka yi na hagu. Kada ka wasa wuƙa mai siffar kwarin gaba ɗaya ka ce za ka nutsa sau ɗaya. A babban tur mai nauyi yana yiwuwa, a namu sai rawa da zane-zane.

Yadda za ka san ka isa: gyara ƴan sanduna biyu masu kauri 12 daidai, sa ɗaya a kwari ta sama, ɗaya ta ƙasa, ka auna bayansu da piyakulis. A kwarin 34 mai wannan faɗin, awon zai ɗara diyamet ɗin aiki da 17. Namu 93 ke nan. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kwari biyun su ba da abu ɗaya. In ɗaya ya fi zurfi, kuruwa ɗaya ce za ta ɗauki kaya, ƴar'uwarta tana rakiya, ta farkon ta tsinke, ta biyun ta bi ta. Bayan awo ɗauko sabuwar kuruwa ka naɗa: bayanta ya yi daidai da bakin puli ko ya ɗan leƙo, ka kuma hango haske a ƙarƙashinta. Shafa alli a kumatun kwari ka murza ta, allin ya gogu daga sama har ƙasa, ba a baki kawai ba. Sai ka goge kumatu da takardar yashi mai laushi a kan ɗan itace, ka kashe kaifin bakuna, don kaifi yana aske kuruwa.

Sauran mai sauƙi ne. Na yanke shi da zarto, na juya shi, na sa ƴan ɓallayen jan ƙarfe a ƙarƙashin haƙora don kada su ci baki, na daidaita da agogon awo har allura ta daina wuce 0,05. Na share gaba zuwa tsawon 41, na fafe gurbin noti faɗin 38 zurfin 23, yadda makulli zai shiga. Tsakanin gurbin da gindin kwari nama ya rage 8, ya isa. Hanyar kalabet, ɗan ƙarfen da ke hana puli zamewa a kan sanda, mai faɗin 4, a tur ɗin na yi ta: kashe wuta, kulle mandaran, kwantar da ƴar wuƙa a gefe, ka riƙa tura babban shariyo gaba da baya kamar mai fiƙe, kana ƙara kaɗan har zurfin kusan 2. Yarona ne ya yi wannan, hannunsa ya gaya masa.

Pulin famfon ruwa ma na sake shi, don nasu na gwangwani ne ya tsage ta wajen bulo, wato ƙusoshi masu zare da ke ɗaure shi. Girmansa ban taɓa ba, tunda gudun famfo da na fanka suna kansa. Shi ba a kan bulo yake samun tsakiya ba, a kan ɗan tudun da ke hancin famfo yake zama, wannan ramin shi za ka yi daidai. Zana da'irar bulo tun yana kan tur. In huɗu ne, tazarar rami da maƙwabcinsa ita ce diyamet ɗin da'irar sau 0,707, a da'irar 60 ke nan 42,4. Da yake babba ne, na zura masa sanda na ɗora a kan rula biyu da ke tsaye a kan kaifinsu. Gefen da ya riƙa gangarowa ƙasa na rage masa nama da meshi daga ciki har ya daina zaɓen wuri.

Da Alhaji ya ga suna ƙyalli sai ya ce, "Malam, to ka haɗa har da na bilbarken mana, su zama saiti." Na ce, "Alhaji, a yi mini afuwa, wannan kam ba na taɓa shi." Abin da ke hancin bilbarke a inji mai silinda shida ba puli kawai ba ne, akwai abin shanye girgiza tare da shi, wani da roba a tsakani, wani da mai mai kauri a rufe ciki. Kowace fashewa a silinda tana murɗa bilbarke, shi ke kwantar da murɗar. Ka sa dunƙulen ƙarfe a madadinsa, mota za ta tashi, za ta yi tafiya, wata rana bilbarke ya karye a tsakiyar hanya. In robarsa ta tsattsage, na asali za a nema.

Wajen ɗaurawa na sake kafa rular nan a fuskar pulin bilbarke. Ta taɓa bakin sabon puli gefe biyu, ba sararin da ya kai milimita ɗaya. In ta taɓa gefe ɗaya ta bar ɗaya, ba laifin puli ba ne, altanata ce ta karkace a mazauninta, can za ka gyara da wosha. Kuruwa kuma kada a ɗana ta da sukundireba, sassauta altanata ta shiga da kanta. Ja har in ka danna tsakiyar doguwar tazara da babban yatsa ta nutsa kamar milimita 10 zuwa 15. Muka tayar da inji, na tsaya ta gefe, ba ta gaban fanka ba, ina kallon bakin puli: tsaye yake kamar ba ya juyawa. Fitilar batir ta mutu tun a ƙaramin juyi. Bayan minti ashirin muka kashe, na taɓa pulin, ɗumi ne kawai, muka ƙara jan kuruwa don sabuwa tana saki.

Na ce wa direban in ya kai Tanut ya tsaya ya sake dannawa da yatsa, ya kuma leƙa gindin kwari da tocila, in ya ga ƙyalli ya kira ni. Kwalin simintin da na yi zane a kai na ninke na sa masa a akwatin gaban mota tare da takardu, ko da wani mai tur a Agadas zai bukaci lambobin.